Waƙar da Ta Tsaya a Gwiwa

Ni dai ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na Kontagora, in an gan ni da mayafi a titi, to ko asibiti za ni ko gaisuwar mutuwa. Karatuna bai yi nisa ba. Amma baki da kunne, waɗannan kam Allah bai rage ni da su ba. Ina cikin ɗaki nake gane babur ɗin maigida tun yana bakin layi, ina kuma gane tukunyar da ruwanta ya kusa ƙonewa ba tare da na ɗaga murfi ba. Surutu kuwa, maƙwabta sun ce ranar da suka ji gidanmu shiru, sai su aiko a duba ko lafiya.

'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, ita ta kawo kyamarar gidan nan. Bayan aurenta ta kama sana'ar ɗaukar hoto a taron mata, wajen lalle da kamu da walima, inda ba a son namiji ya kutso mata suna tsakiyar shiri. Ranar da ta fito da ita daga jaka sai da na raina ta. 'Yar mitsitsiya, baƙa, ba ta fi sabulun wanki biyu a haɗe ba. Na ɗaga na ji ba nauyi.

Na ce, "Ke, da wannan za ki ci abinci? Na masu hoton biki ai sai da wuya ya sage."

Ta ce, "Mama, waɗancan akwai madubi a cikinsu, shi ne yake ɗagawa ya faɗo in an danna. Wannan ba madubi. Ita ce ƙaramar cikin irinta, ta masu farawa."

Sai na gane abin da kunnena ya daɗe yana ji. Ashe wannan ƙaras ɗin da na sani a wajen biki madubi ne ke bugawa. Tata kuwa sai wani ɗan tsit kamar an karya tsinken tsintsiya, in ta so ma ta kashe shi gaba ɗaya, ta ɗauke ka ba ka sani ba. Allon bayanta yana buɗewa gefe, ya juya sama, ya juya ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani ɗan koren akwati da ke fitowa a allon ya ɗafe a kan idon mutum. Ka juya hagu ya bi ka, ka sunkuya ya bi ka. Ta ce inda akwatin ya zauna nan ne zai fito tar, sauran kuwa ya yi dishi-dishi. Ta ɗauke ni a bakin murhu, na fito fes, bangon da hayaƙi ya ɓata ya narke a bayana kamar ba gidanmu ba. Na ce wannan abu ya san rufin asiri.

A bazarar shekarar Inna ta zo. Mahaifiyata ke nan. Mutanenmu Kambari ne, ƙauyenmu yana gaba da Ibeto, inda mota ke ajiye ka babur ya ƙarasa da kai. Ni tun ina ƙarama aka ba gwaggona riƙona a gari, Kambarci ya zube mini a hanya. Gaisuwa nake ji, da zagi, da sunayen abinci. Inna kuwa Hausarta a karkace take, tana ce wa namiji ke, ta ce wa mace kai, kuma ba ta yarda a gyara mata. Ta zo ne a duba mata gwiwa, da ƙullin man kaɗe a ganye kamar kullum.

Akwai waƙar da Inna take yi in tana shafa wa jariri man kaɗe bayan wanka. Daga ka take farawa, ta sauko kunne, kafaɗa, hannu, ciki, baya, har tafin ƙafa, kowace gaɓa da nata baitin. Duk 'ya'yana ta yi musu ita lokacin da ta zo mini wankan jego. Ban taɓa tsayawa na koya ba, don me zan koya, ga mai ita da ranta? To a wannan zuwan 'yata tana da ƙaramin ciki, na fari, irin wanda ba a maganarsa. Inna ta dube ta sau ɗaya ta kau da kai tana murmushi. Ni kuma da na ga yadda take dafa bango kafin ta miƙe, sai zuciyata ta ce mini: in ba ta iya zuwa ba fa, wa zai yi wa jikata waƙar?

Na faɗa wa 'yata, ta ce ai kyamarar tana ɗaukar bidiyo da murya. Washegari da hantsi ta zo da ita.

Inna ta ƙare wa abin kallo ta ce, "Kai 'yar birni, tsufana za ka ɗauka ka kai wa mijinka? In ta gan ni ta sake ka, ba ruwana."

"Kaka, da waɗannan haƙoran naki guda nawa?"

"Sun ishi cin naman da za ta sayo mini."

Da farko ta ƙi. Ta ce ba a yin waƙar a kan iska, sai da jariri a cinya. Na leƙa ta katanga na aro ɗan maƙwabciyata, wani ɗan lukuti da bai fara zama ba. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Amma 'yata na ɗaga kyamarar saitin fuskarta, sai Inna ta miƙe zaune ƙyam, ta haɗe baki, ta zuba wa gilashin ido kamar mai jiran hoton katin zaɓe. Aka yi lallashi, aka yi tsiya, ko uffan.

'Yata ta ja ni gefe ta ce, "Mama, ni take jin kunya, da abin nan a fuskata. Ke ki riƙe. Ki ɗora a cinyarki, ga allon na juyo miki shi sama, ki riƙa leƙawa kawai ki ga akwatin yana kan idonta. Ki yi ta janta da hira yadda kika saba, har ta manta."

Ta danna jan maɓallin ta shige ɗaki. Na zauna a kujera 'yar tsugunno da abin a cinyata, na yi abin da na fi iyawa. Na tambaye ta labarin akuyar da ta haifi uku. Na ba ta labarin mai kifin da ya sayar mini da ruɓaɓɓe ya rantse da kabarin uwarsa, alhali uwar tana nan tana sayar da daddawa. Kafaɗunta suka sauko. Ta lakato man ta murza a tafi, ta ɗora hannu a kan yaron, sai ga waƙar ta fito da kanta, a hankali, can ƙasan maƙogwaro. Na ji tsoron in na yi shiru za ta tuna da kyamarar, sai na ci gaba. Tana waƙa ina zuba.

Ta gama cikinsa, ta juya shi ta yi baya, ta mayar da shi rigingine ta sauko gwiwa. Tana kama ƙafafunsa sai ɗan banzan yaron ya saki fitsari, ya yi sama ya sauko mata a zane. Na kwashe da dariya har da hawaye, ina cewa, "Inna, an biya ki ladan waƙa! Angonki ya yi miki barka da zuwa!" Ita ko a jikinta. Ba ta tsaya ba, ta ƙarasa har tafin ƙafa, sannan ta ɗaga shi ta hura masa iska a fuska.

Lokacin ne na ji kyamarar ta ɗau zafi a cinyata kamar dutsen guga. 'Yata ta fito ta ce ga alamar zafi nan ta fito a allon, irin waɗannan ƙananan ba sa jure doguwar bidiyo a zafin garin nan. Muka haɗa kai muka kalla a ɗan allon. Hoton kam ba a magana: kowane layi na fuskar Inna, ƙyallin man a yatsunta, hasken da ke ratsowa ta ganyen mangwaro. Muryar kuwa daga ɗan ramin da take fitowa kamar kukan sauro take, ba ka bambance komai, kuma kyamarar ba ta da wurin da za a soka abin saurare na kunne. Muna cikin kallo ta mutu. Batirinta ma ba ya daɗewa, ga shi an ɗauke wuta. Muka ce ai an samu. Kashegari Inna ta ce sharar gona na jiranta, ta tafi. Ta ce in lokaci ya yi za ta zo ta yi wa abin da za a haifa da kanta.

Damina na tsakiya zazzaɓi ya kwantar da ita, bai daɗe ba. Allah Ya jiƙanta.

Bayan an watse zaman makoki na ce wa 'yata ta kawo mini waƙar. Ta yi ta ja mini rai, yau ciwon baya, gobe aiki. Da na matsa ta zo da kwamfutarta, ta zauna a bakin gado ba ta dube ni ba, ta ce, "Mama, na saurara tun lokacin. Na ce ai za mu sake, shi ya sa ban faɗa miki ba."

Ta kunna. Murya ta cika ɗakin, tawa. Kamar na sa kaina a bokiti ina magana. Ga numfashina, ga awarwarona yana bugun jikin kyamarar, ga mai kifi da uwarsa. Inna tana can ƙasa, nesa, kamar maƙwabciya tana waƙa a bayan katanga. 'Yata ta nuna mini wasu 'yan ramuka a saman kyamarar, ƙanana kamar hujin allura. Ta ce nan ne kunnenta, kuma ba ya zaɓe, wanda ya fi kusa shi yake ji. Akwai makirfo da ake saya daban a ɗora a sama, mai jin abin da ke gaba kawai, lokacin ba ta kai ga saye ba. Idon kyamarar ya san wanda ake so ya bi. Kunnenta bai sani ba, bakina kuwa yana saitinsa.

Ta ce, "Ni na ce ki yi ta magana. Da kin yi shiru ma da ba ta yi waƙar ba."

Gaskiya ta faɗa. Na sha juya maganar a raina, kuma ban ga yadda za a yi dabam ba a ranar. Sai dai sanin hakan bai rage mini komai ba.

Ta tura mini a waya. Kullum bayan azahar, in gida ya yi sanyi, sai na kara wayar a kunne na yi ta maimaitawa. Na koyi tsallake kaina, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Duk inda na ja numfashi sai ga kalma biyu ta Inna. Inda muryata ta yi ƙasa sai na kamo wata. Na haɗa na kai, na haɗa na kunne da kafaɗa, na samu na ciki da baya ba gyara. Ban san ma'anar rabinsu ba, amma bakina ya riƙe su yadda ta furta. Har gwiwa. Daga nan sai dariyata, ta rufe komai ruf. Na ce to bari in karanta a leɓenta. Ashe da na girgiza, ɗan koren akwatin ya tsallake daga idon Inna ya koma kan idon yaron. Ga shi nan tar yana wangale baki, Inna kuwa ta narke a bayansa kamar bangon murhuna. Ana ganin bakinta yana motsi, ba a ganin me yake faɗa.

Ni da ba na fita, na sa mayafi na shiga mota, na hau babur har ƙauyenmu. Na tara tsofaffin da suka rage na kunna musu. Suka yi dariyar fitsarin, suka dawo suka yi kuka. Suka ce wannan ba ta garin nan ba ce, Inna a wajen tata uwar ta samo, ita kuma daga can wajen Zugurma aka auro ta, danginta duk sun watse. Wata ta rera mini tasu ta ƙafa ta ce in ɗauka in liƙa. Na gwada a hanya, iska na dukan fuskata a bayan babur. Ba ta zauna ba. Kunnena ya ƙi.

Da lokacin kaka ya shigo 'yata ta sauka, mace. Ta dawo gida wanka. Ranar da cibiya ta faɗi na ɗauko ragowar man kaɗen Inna, wanda na ɓoye a kwalba. 'Yata ta kafa kyamarar a kan turmi, yanzu da makirfo a samanta mai gashi kamar jelar zomo. Ta ce kowa ya yi shiru. Na ce ai wadda ake tsoro ita ce a gaban abin yau.

Na fara daga kai. Kalmomin suka zo. Na sauko kunne, kafaɗa, 'yan hannuwa, ciki, na juya ta na yi baya. Na zo gwiwa na yi nata. Sai na kama 'yan ƙafafun, na ci gaba da murzawa, bakina a rufe.

'Yata ta ce a hankali, "Mama, ki sa wani abu mana a wurin. Ko naki ne."

Na ce, "A bar shi haka."

Na shafa ƙauri, na shafa idon sawu, na murza tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Makirfon bai samu komai ba sai ƙarar man a fatar yarinyar da wata kurciya a kan mangwaro. Da na gama na ɗaga ta na hura mata iska a fuska.