Kuncin Aduke

Aduke maƙwabciyata ce a Ogbomosho, tun zamanin da kakanku ke fataucin goro. Ƙosai take soyawa a bakin tasha. Tsagen gidansu ne a fuskarta, manya, tun daga kunne har haɓa. Nakan tsokane ta in ce kyanwa ce ta yakushe ta, ita kuma ta ce mini ’yar goro mai jan haƙori.

To, wata safiya wani mai babur ya bangaji kaskon, tafasasshen mai ya watsu mata a kuncin dama. Da wurin ya warke sai fatar ta tattare, ta ja bakin gefe, ko ruwa ta sha sai ya zubo. Ɗanta ya kai ta Ikko. Likita ya yanko fata daga cinyarta ya manna a kuncin, bakin ya miƙe. Sai ya ce tunda tsagen dama ya tafi, a goge na hagun ma, fuska ta daidaita. Ta yarda. Ta dawo sumul, har ’yan tasha suna ce mata sabuwar amarya.

Uwarta fa, Iya Agba, ta tsufa tukuf. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, hankali ma yana zuwa yana komawa. Da hannu take gane mutanenta. Aduke ta durƙusa, ta ɗora hannun tsohuwar a fuskarta. Tsohuwar ta shafa dama, ta shafa hagu, ta janye hannu.

“’Yar wane gida ce ke?”

“Iya, ni ce, Aduke.”

“Aduke tana da tsage. Ni na riƙe ta aka yi mata.”

Ba abin da ba mu gwada ba. Na rantse mata, dangi suka rantse, ta ce mun haɗa baki ne. Har wurin tsohon da a da ke yi wa jarirai tsage na raka Aduke. Ya taɓa kuncin ya ce shi ba ya sa wuƙa a fatar cinya, kuma yanzu an daina tsage.

Haka Aduke ta ci gaba da tuƙa wa uwar tuwon amala tana ba ta a baki, tana yi mata wanka. Tsohuwar ta yi ta sa mata albarka, tana cewa baƙuwar nan ta fi ’yar cikinta kirki. Ranar da ta fara kasa haɗiya ina wurin. Ta riƙe hannun Aduke ta ce ta taimaka ta leƙa tasha, ko za a samu wanda zai kira mata ’yarta.