Ƙwan Ɗakin Inna

In baƙo ya shigo gidanka, kafin ya gama amsa gaisuwa ka ga ya ɗaga kai yana nazarin silin, to Mai Tsani ne. Shekara ashirin da bakwai yana jan wayar lantarki a gidajen mutane, har wuyansa ya saba da kallon sama. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, sai ya ƙirga ƙwayayen lantarkin ɗakin kafin ya ce ya jiki. Sunan ya samo shi ne daga wani tsanin ƙarfe da kullum yake ɗaure a gefen babur ɗinsa, kuma ya bi shi har mahaifiyarsa, Inna, da shi take kiransa in tana jin tsokana.

Ra'ayinsa a sana'a guda ne, ba ya canzawa: ɗaki ɗaya, ƙwai ɗaya, a tsakiyar silin, mai hasken da ko allura ta faɗi za a tsince ta. Wata mai zanen gidaje ta taɓa ba shi aiki da takarda, ta ce haske hawa uku take so a kowane ɗaki. Akwai mai laushi na ɗaki gaba ɗaya, akwai na daidai inda hannu ke aiki, akwai na ƙasa-ƙasa inda ƙafa ke bi. Ya yi mata yadda ta ce, amma ya shekara yana ba abokan aiki dariya da labarin. "Rana ɗaya Allah ya yi mana," in ji shi, "kuma ta ishi duniya."

Saboda haka da yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, shekara biyu da suka wuce, bai yi shawara da kowa ba. Ya sayo ƙwai mafi girma da ya samu, fari fat, ya ɗaura mata a tsakiyar ɗaki. Har maƙwabta ya kira su gani. Inna ta ce Allah ya yi masa albarka, shi kuwa ya yi kwana uku yana tafiya da ƙirji a buɗe.

A ƙarƙashin wannan ƙwan ta faɗi. Bayan magariba ne, za ta shiga banɗakin da ke cikin ɗakinta, ta yi tuntuɓe da ɗan tudun bakin ƙofar, wanda bai fi tsawon yatsa ba, ƙugunta ya karye. Mako uku tana asibiti. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce in ta sake irin wannan faɗuwar, da wuya ta sake tashi.

Nan Yaya ta shigo maganar. Ita ce babbar 'yar Inna, tana aure a wani gari mai nisan yini guda, kuma tun suna yara ba ta taɓa faɗin magana sau biyu ba.

"Ranar Alhamis za a sallame ta," ta ce wa Mai Tsani a barandar asibiti. "Zan biyo da ita in duba ɗakin. In bai yi min ba, ko jakarta ba zan sauke daga mota ba. Gidana za mu wuce."

"Yaya, ai ɗakin nan ya fi ko'ina haske a gidan."

"To a hasken ta faɗi."

Da Yaya ta fita sayen ruwa, ya koma bakin gadon Inna, ta kamo hannunsa ta riƙe. Shekararta arba'in a ɗakin nan. A cikinsa ta raine su, a cikinsa mahaifinsu ya cika. "Kada ka bari a raba ni da ɗakina," ta ce. "In na tafi can, ba dawowa zan yi ba."

Kwana huɗu ke gare shi. Ya soke duk ayyukan da ya karɓa. Washegari ya ja labulen ɗakin, ya kunna ƙwan, ya tsaya yana dubawa. Bai ga laifin komai ba. Ga gado, ga akwatin ƙarfen Inna, ga farin tayil yana ƙyalli, ga tudun a fili kamar hanci a fuska. Har ya fara tunanin ƙaro ƙwai na biyu, sai ya tuna cewa da idonsa yake kallo, kuma ba shi ne zai zauna a ɗakin ba.

Ya ɗauko tabaransa na aiki, ya lakuto basilin ya shafa a gilashin. Ya saka, ya duƙa daidai tsayin Inna, ya taso daga bakin gado. Taku biyu ya yi ya tsaya. Ɗakin ya koma farin hazo, ba a bambanta ƙasa da bango. Da ya doshi banɗaki, ƙwan ya koma bayansa, inuwarsa ta faɗa gabansa ta rufe tudun ruf. Babban yatsansa ne ya gaya masa ya iso. Ya zauna a ƙasa riƙe da ƙafa, idonsa na ta ruwa, ya ce basilin ɗin ne ya shiga.

Abin da mai zanen gidajen nan ta rubuta, wanda ya shekara yana wa dariya, shi ya zauna yana tunowa layi-layi. Amma bai yarda ƙwansa na da laifi ba. A ganinsa mataimaka kawai yake buƙata.

Kwana uku mutumin da ya yi rayuwarsa a kan tsani yana rarrafe da gwiwa. Ya jera ƙananan fitilu masu ruwan ɗorawa a jikin bango, daidai ƙauri, daga gado har banɗaki, masu batir a ciki don ko an ɗauke wuta su ci gaba da ci. Ya manna siririyar fitila a leɓen tudun, yadda zai fito da kansa. Ya kafa wata mai hula a saman teburin magunguna, wata kuma a bango tana kallon sama, haskenta ya bugi silin ya dawo da taushi. Makunninsu ya kawo shi kusa da matashin kai, babba, wanda hannu zai samu ba lalube. Duk abin da ya kafa sai ya mayar da tabaran ya sake bin hanyar. Ya bi ta ta fi sau hamsin, kuma kowane bi sai ya ji kamar akwai abin da ya manta.

Yana wannan rarrafen ya lura da wani dogon datti a bango, daidai ƙugu, ya miƙe daga gado har ƙofar banɗaki. Ya goga da tsumma, bai fita ba. Ya ce in an kwana biyu zai sa a shafa fenti.

Ranar Alhamis tun safe yake bakin ƙofa yana jira. Sai gab da magariba motar ta tsaya. Inna ta shigo a hankali, tana dogara sandar asibiti mai ƙafa huɗu, Yaya na bayanta, jaka kuma tana mota kamar yadda aka yi alkawari. Ya riga ya kunna sababbin fitilun, ya bar babban a kashe don a ga aikinsu tukuna.

Yaya ta tsaya a ƙofa ta dubi ɗakin sama da ƙasa.

"Wannan duhun shi ne gyaran? Kwana huɗu kana nan, rage hasken ka yi?"

"Ki bari ta gwada, Yaya."

"Ta gwada da wane ƙugun?"

Ta kai hannu ta danna makunnin bakin ƙofa. Babban ƙwan ya kama, ɗaki ya yi fari fat.

Da a da ne, silin Mai Tsani zai kalla. Amma kwana uku a ƙasa sun sauko masa da ido, don haka Inna yake kallo. Ya ga ta runtse idonta gam. Ya ga hannunta na hagu ya saki sanda ya tafi bango da kansa, ya sauka daidai kan dattin nan da ya kasa gogewa.



"Inna, idonki a rufe yake."

Ya matso kusa da ita.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun da ka saka shi," ta ce a hankali. "Yana soka min ido kamar ƙaya. Sai in rufe in bi bango. Ran nan ne kawai na ɓata ƙirgen takuna."

"Shekara biyu?" in ji Yaya. "Me ya hana ki faɗa?"

"Yaron nan har maƙwabta ya kira su gani. Ta ina zan fara?"

Yaya ce ta kashe ƙwan da hannunta. Ɗakin ya koma ruwan ɗorawa. Inna ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe ɗayan, ta dubi ƙananan fitilun da suka jeru a gabanta. Ta mayar da hannu kan sanda, ta fara takawa. Mai Tsani na binta a baya, hannuwansa a buɗe. A bakin banɗaki ta tsaya, ta sunkuya ta dubi tudun.

"Ashe ga ka nan, ɗan banza," ta ce masa, ta ɗaga ƙafa ta tsallake.

Yaya ba ta ce ɗakin ya yi ba, don ba halinta ba ne. Fita ta yi, can sai aka ji ƙarar but ɗin mota.

Mai Tsani ya shigo da tsaninsa ya hau. Ƙwan da sauran ɗumi ya kwance shi. Ya sauko ya nufi ƙofa da shi, bai iya kallon kowa ba.

"Ina za ka kai shi?" in ji Inna daga bakin gado.

"Bola, Inna."

"Kawo nan. Buɗe akwatina ka sa min shi a ƙasan zannuwa, kada ya fashe. Ɗana ne ya saya min."