Kwandunan da Suka Ƙi Buɗuwa a Hanyar Takaya

Matan ajinmu na karatun manya, sallama gare ku. Kun ishe ni da tambaya a bakin famfo, wai me ya sami faratan hannuna. Ga shi na rubuta. Kowace ta karanta, kada a sake tare ni.

Kun san rumfata a kasuwa, ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Kuka, kuɓewa, daddawa, barkono, kanwa da citta nake sayarwa, kuma wurin bai isa in baje su ba, sai dai in ɗora tasa kan tasa da faifai a tsakani. Sau biyu suna zubewa. Na biyun a kan ƙafar wani dattijo suka sauka, barkono ya tashi, layinmu kaf aka yi ta atishawa. Delegenmu, wato shugaban ƴan layinmu, ya zo ya ce, "Iya Tasalla, ko ki gyara wannan hasumiyar taki kafin Alhamis ta ƙarshen wata, ko ki koma can baya wurin masu kaji." Tun ina goyo nake wannan rumfa. A baya kuwa babu mai zuwa neman daddawa.

Sai na zauna na yi tunanin kwandunan kaba masu ɗinkin faifai, guda shida, kowane ya fi na samansa girma. Murfin kowane da rami a tsakiya, inda gindin na sama zai zauna, gefen murfin kuma ya zama kamar tire, in zuba ɗan samfurin abin da ke ciki mai saye ya gani. Na yagi ƙyalle na auna faɗin kowane, na aika wa Yagana, wata Babarbariya maɗinkiya da ke wani ƙauye gaba da Damagaram Takaya. Saƙona ɗaya ne: a matse. Murfi ya kama baki, gindi ya kama rami. Da ta gama ta sa aka buga mini waya.

Litinin, daga Damagaram zuwa Takaya

Na fita ana kiran assalatu, na hau kabu-kabu zuwa tasha. Motar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, an cika ta da buhunan taki da bidon mai, wato jarkoki. Shofer ɗin da ke tuƙa ta, wani mai suna Lawali, ya dube ni ya ce, "Iya, gaba ko baya?"

Na ce, "Ka ga na yi kama da buhun taki?"

Ya ce, "Gaba da ƙari."

Na ce, "Ƙashina ma da ƙari."

Muka tashi rana ta ɗan fito. A bariyar fita gari jandarma ya karɓi katin shaidata ya juya shi, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce lokacin ina da haƙora. Ya miƙo mini.

Ta wajen Gafati gero ya kai ƙugu, ko'ina kore, mata suna ta noma na biyu. Daga nan hanya ta fara lalacewa. Ruwa ya ci gefenta, wani wuri sai Lawali ya sauka ya shiga da ƙafa ya gwada zurfi kafin mu wuce. Ni dai carbi nake ja, don ban iya ruwa ba, ko a kwatarniya. Mun shiga Takaya rana ta take tsaka. Na ci dambun zogale wurin wata mai abinci a bakin tasha, Hajiya Mariya, mace mai faɗa amma mai cika kwano.

Ƙauyen Yagana

Ƙanin mijin Yagana, Mutari, shi ya zo ɗaukata da amalanken shanu. Mutum ne babba, da furfura a gemu, ba ya magana sai da shanunsa. Muka ƙetare wata korama da ruwa bai wuce idon sawu ba, muka isa bayan la'asar.

Yagana ta jera mini su a tsakar gida. Jama'a, aiki ya yi. Na ƙasan zai ci rabin buhu, na saman kuwa kamar kwanon tuwon mutum ɗaya. Da aka ɗora su sun kai mini kafaɗa. Ta ce, "Yaya, ture ki gani." Na tura, ba su motsa ba. Na sa ƙafa na shura, suka karkata gaba ɗaya kamar itace guda, suka dawo suka tsaya. Murfi sai ka sa babban yatsa ka danna gefe kafin ya ɗago.

Ta ce, "Kin ce a matse. Sai da yatsuna suka yi kanta."

Na ce, "Delege ya zo ya shura da kansa."

Na kwana a ɗakinta. Ta yi mini burabusko da miyar yakuwa.

Talata, hanyar komawa

Hadari ya haɗu tun hantsi, amma ba ni da zaɓi, don Lawali ya ce Laraba da safe zai koma birni. Muka ɗora kwandunan a haɗe yadda suke, muka naɗe su cikin tabarma, muka ɗaure da igiya, muka kwantar da su a tsawon amalanke. Na cire farin mayafina na rufa a kansu saboda taɓo.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece. Babu bishiya, babu bukka, duk a kanmu ya ƙare. Da muka iso koramar jiya, ta cika ta batse, tana tafe da rassan itace. Mutari ya tsaya ya dube ta, ya juya shanu. Ya ce akwai mashigi can arewa, ta wani ƙauye da shi ma bai cika bi ba.

Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba.

Tun daga nesa na ga mutane a warwatse cikin gonaki, riƙe da sanduna, suna buɗa gero suna kiran suna. "Ummi. Ummi." Muna shiga tsakanin gidaje wata mata ta hango mu, ta tsaya cak, ta nuna amalanke. Sai a lokacin na waiwaya na dubi kayana da idon wani. Abu dogo, a naɗe cikin tabarma, an ɗaure, an rufa farin ƙyalle. Tsohuwa baƙuwa a zaune kusa da shi, babu mayafi, ido ja saboda ruwa. Sai ka ce gawa muka ɗauko.

Kafin mu kai bakin masallaci an riƙe igiyar shanu. Wani saurayi mai adda ya ce, "Me kuka ɗauko?"

Na ce, "Kwanduna."

"Kwanduna ake yi wa likkafani?"

Wani dattijo ya ratso jama'a, aka ce shi ne mai gari. Ya yi mana sallama, ba fara'a. Ya ce, "Baiwar Allah, yarinya ta ɓace mana tun safe, ƴar shekara uku. Ba mu san ki ba. Ki buɗe mu gani, ki kama hanyarki."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ranka ya daɗe."

Muka sauke, muka kwance tabarma, muka tsayar da su. Mutane suka ja baya kaɗan da suka ga kwanduna ne, amma duk idanu suna kan na ƙasan, babban. Na kama na saman in zare shi. Ya ƙi. Na danna gefen murfi da yatsa yadda Yagana ta nuna mini. Ko gezau. Kaba ta sha ruwa ta kumbura, shidan sun zama abu guda. Mutari ya rungume ƙasa, wani ƙato ya ja sama, har jijiyar wuyansa ta fito. Na sa farce a bakin murfi, farcen ya ɓalle. Na sa na biyu, shi ma ya tafi. Ban ji zafi ba sai daga baya.

Wata murya a baya ta ce, "Ta ɗaure shi da magani."

Wata ta ce, "Irinsu ne. Ku dubi idonta."

Kun san kalmar da ake jifan tsohuwa da ita in yaro ya ɓace. An faɗe ta, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Wani hoge ya sauka kusa da ƙafata. Na biyun ya sami Mutari a kafaɗa. Mai gari yana ɗaga hannu, babu mai kallonsa. Na tuna ƴaƴana ba su ma san sunan garin da nake ba. Fitsari ya matse ni, na yi kalmar shahada a zuci.

Saurayin nan ya ɗaga adda zai sare babban kwando a tsakiya. Ban san inda na sami baki ba. Na ce, "Kai ɗan nan. In ka yarda ƙanwarka tana ciki, da adda za ka fito da ita?"

Hannunsa ya tsaya a sama.

Na ce, "A ba ni wuƙa ƙarama. Ni na san inda ɗinkin yake."

Wanzamin garin ya miƙo aska. Na durƙusa cikin taɓo, na fara da babban, na bi ɗinkin gefe ina tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Jinin yatsuna yana bin kaba. Wurin ya yi tsit har ina jin numfashin shanu. Na buɗe masa ƙofa kamar ta akurki, na sa hannu na shafo ciki, na juya shi kowa ya gani. Babu komai sai ƙanshin sabuwar kaba.

Mai gari ya ce, "Na biyu."

Na yanka na biyu. Na yanka na uku. Na huɗu ko ɗan akuya ba zai shiga ba, amma aka ce a yanka, na yanka. Mai gari ya ce, "Ya isa haka." Na fara lissafi a raina, ko biyun nan na tsira da su, in sa daddawa da citta, in nuna wa delege.

Sai ga wata mace ta matso. Ƙarama ce, ba ta kai autata ba, zaninta jiƙe har ƙirji, ƙafafunta duk ƙaya. Ba sai an gaya mini uwar yarinyar ce ba. Ba ta zage ni ba. Ta ɗora hannu a kan ƙaramin, wanda bai fi kwanon tuwo ba, ta ce, "Inna, har wannan."

Mai gari ya ce, "Ke, me zai shiga nan?"

Ba ta dube shi ba. Ni take kallo. Na gane abin da take tsoron gani a ciki. Na yanka na biyar, na yanka na shida, na ba ta a hannunta. Ta leƙa, ta kife shi ta girgiza, ta ajiye. Ta juya ta nufi gona tana kiran sunan.

Jama'a suka bi ta. Babu wanda ya ce mini sannu, ni ma ban jira ba. Wata tsohuwa kaɗai ta kawo ruwa a moɗa ta zuba mini a yatsu, ta ce, "Ku yi sauri, in aka dawo ba a gan ta ba ban san me za a yi ba." Mutari ya kwashe tarkacen ya watsa a amalanke. Yadda muka ƙetare mashigin ban sani ba, ruwa har cikin shanu, amma wallahi ruwan bai ba ni tsoro ba. Bayana nake ta waiwaye.

Takaya kuma

Mun iso gab da magariba. Hajiya Mariya ta ga hannuna, ba ta tambaye ni ba, ta dafa ruwa da gishiri ta gasa mini, ta ba ni wurin kwana a ɗakinta. Na ce wa Mutari kada ya koma ta can. Ya ce zai jira korama ta janye. A nan ne ya yi mini magana mafi tsawo tun haɗuwarmu. Ya ce, "Iya, da ɗiyata ce, ni ma da na riƙe igiyar shanun."

Laraba, zuwa gida

Lawali ya ga tarkacen kaba ya ce, "Iya, wannan kika je ɗaukowa? Ai da kin faɗa, akwai shara a bayan tasha." Na ba shi labari a hanya. Bai sake wasa ba har Gafati. Na roƙe shi in ya koma ya tambaya mini labarin yarinyar. Mun shiga birni da azahar. Na shiga ɗaki na kulle ƙofa da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba.

Alhamis delege ya zo ya tarar da tasoshina yadda ya bar su. Na nuna masa hannuna da guntun murfi. Ya ce, "Iya, na tausaya, amma ƙafar mutane fa?" Muka daidaita a kan ba zan ƙara ɗora komai a kan komai ba. Abin da shimfiɗa ɗaya ta ɗauka shi zan sayar. Na bar kanwa, na bar citta, na bar kuɓewa. Rumfar dai tana hannuna, rabin cinikin ya tafi.

Sati na zagayowa Lawali ya biyo ta layinmu. Tun bai ƙaraso ba na miƙe. Ya ce, "An gan ta."

Na ce, "Da rai?"

Ya ce, "Da rai. Awaki ta bi, wasu makiyaya suka tsince ta, suka maido ta washegari."

Na zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Na daɗe ban tashi ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya maido ni ɗakina, ya maida wa waccan yarinya ɗiyarta. Na gode wa Mutari, da Hajiya Mariya, da tsohuwar nan mai moɗa wadda ban san sunanta ba. Na ba Lawali sabbin ƙyallayen awo ya kai wa Yagana, ta sake ɗinka mini shida bayan kaka. Na ce ta sassauta bakin kowane murfi, yatsa ɗaya ya iya shiga. Kuma ta aiko su a ware, a buɗe, kowa yana ganin cikinsu tun daga nesa.