Kwalbar Isiyaku

Ƙanena Isiyaku shi ne mai buɗe ƙofar ruwa a gonakin alkama na wajen Kura, a shekarun da aka fara kawo mana ruwan madatsar Tiga. Tsantseninsa har haushi yake ba mutum. Ko ni yayansa ban isa ya ƙara mini ruwan minti biyar ba.

A 1976 tarakta ta murƙushe masa ƙafa. Wata uku yana asibiti a Kano ana yi masa allurar kashe zafi. Ƙafa ta warke, allura ta ƙi sakinsa. In bai samu ba, sai gumi da amai da karkarwa. Ya koma bin wani mai allura a bayan kasuwa, ƙofar ruwa kuwa sai rana ta take ba a buɗe ba.

Matarsa Baraka ce ta mayar da shi wurin likita. Aka ba shi wani magani a kwalba, cokali ɗaya kowace safiya, za a riƙa rage masa sannu a hankali. Kafin alkama ta fid da kai, Isiyaku ya koma bakin aiki, yana cin tuwo, yana goya 'yarsa a keke.

Ni ne abin bai yi wa daɗi ba. A majalisa aka ce mini, "Dalhatu, ƙanen naka fa ƙwaya kawai aka sauya masa." Kunya ta rufe ni. Na je gidan na ce Baraka ta miƙo kwalbar.

Ta ce, "Yaya, likita ya ce kada a tsayar lokaci ɗaya."

Na ce, "Likita ne babba a gidan nan, ko ni?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi mini musu ba. Na juye maganin a kwata.

Kwana tara ya daure, sannan ya koma wurin mai allura. Aka zuba masa allura mai yawa irin ta da, alhali jikinsa ya manta da ita. Da hantsi aka tsinci gawarsa a gindin ƙofar ruwa, makullin yana hannunsa.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa, "Ka yi iya ƙoƙarinka a kansa." Ban musa wa kowa ba.

Da Baraka ta fita takaba, ta durƙusa ta miƙo mini katin asibitinsa. Ta ce, "Yaya, likita na jiransa. Kai za ka je ka faɗa masa."

Katin yana cikin akwatina har yau.