Rigar da Lawali ya ƙi karɓa

Jiya a tashar Bukkuyum na miƙa wa Lawali rigarsa, sai ya mai da hannuwansa baya.

Abokina ne tun yarinta, ɗan kabu-kabu. Da aka fara yi mini allurar ciwon daji a Sakkwato, sanyi ya riƙa kama ni ko da rana tsaka, bargo kuma ya yi wa ƙasusuwana nauyi. Shi ya ara mini rigar sanyinsa mai zif, marar nauyi, nake sa ta ƙarƙashin kaftani.

Damina ta kama, na san zai buƙace ta a kan mashin. Inna ta wanke ta, har da turare.

"Ga rigarka, na gode."

Ya ce, "Riƙe ta, na bar maka."

"An fa wanke ta, Lawali."

"Riƙe dai."

Ko kallona bai yi ba. A da kwano ɗaya muke ci, yanzu daga bakin zaure yake yi mini sannu ya wuce. Ciwon daji ba ya bin riga, na faɗa har na gaji.

Tana jikina yanzu haka, da ɗuminta.

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya: kyauta aka yi mini, ko guduna ake?