Ranar da Aka Kai Rikoda Gaban Alƙali

Jikata mai karatun lauya ta ce mini yanzu an ƙera na'ura mai kwaikwayon muryar mutum, har alƙalai sun rasa wace shaida za su karɓa. Na ce mata ni da na tsaya a aji huɗu na riga na'urar, kawai ba a ba ni lambar yabo ba. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Zamanin soja ne, kuɗin fetur na yawo, kowa ya sayi rikoda. Ina gyaran rediyo a Tudun Wada. Taubashina, ɗan goggona, fatauci yake na atamfa. In ya daɗe a Ikko sai ya aiko wa matarsa kaset maimakon wasiƙa, ta hannuna. Ni kuwa tun muna yara na iya muryarsa, har ɗan tarin da yake yi kafin magana.

Wani kaset ya zo da sauran fili a ƙarshe. Shaiɗan ya ce cika shi. Na yi tarin, na ce, "Kuma na sake ki, saki ukku." Nufina in ta firgita in fito ina dariya, wasan taubasai. Ban san ta je gidansu a Mabera ba, can aka kai mata. Mahaifinta, malami mai tsantseni, yana zaune aka kunna.

Taubashina ya dawo ya tarar an kwashe kaya. Aka tafi kotu. Don ni ne masanin inji, ni aka sa in kunna kaset ɗin a rikoda.

Alƙali ya saurara sau biyu, ya dubi rikodar. "Wanga shaida, wa ya san halinai? Yana salla? In na ba shi Alƙur'ani, da wane hannu zai riƙa?"

Mahaifin matar ya ce, "Allah shi gafarta malam, inji ba shi da dangi, ba shi cin hanci. Mi zai sa shi ƙarya?"

Taubashina ya rantse bai faɗa ba. Alƙali ya ce ƙarfe ba ya shaida, aure na nan. Matar ta ce daga bayan mayafi, "Ni na san tarin mijina." Ta ƙi komawa.

Ina tsaye, yatsana bisa maɓalli. Bulala nake tsoro, da idon goggona.

Sai da na kwana bakwai sannan na je zauren malamin. Na durƙusa, na yi tarin, na maimaita kalmomin da muryar taubashina.

Ya ce, "Yaro, ko kai ka yi waccan ta kaset, ko yanzu aka aiko ka ka koya don a rufe. Ni ban iya rarrabewa. Ba ni maida ɗiyata ɗakin da nika shakka."

Na rantse. Ya ce mai bakin mutum biyu, da wanne ya rantse?

Matar ta nemi a raba auren, aka raba. Taubashina ya ji abin da na yi, amma bai kai ni ƙara ba, bai zage ni ba. Shekara talatin muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana miƙo mini hannu. Bai sake yin magana a inda nake ba.