Akwatina da Saƙon Mutanen Biriketeri

Ranar da na yanke shawarar komawa gida, mutum ɗaya kawai na gaya wa, wanzamin da ke yi mini aski. Kafin kaina ya bushe, duk unguwarmu ta Biriketeri ta ji cewa Metir zai koma Zariya.

Metir ɗin, wato malam da Faransanci, ni ne. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a wata ƴar makarantar unguwa a Yawunde ta ƙasar Kamaru, har aka shiga abin da suke kira kiriz, wato matsin tattalin arziki. Albashi ya fara da ramewa, daga baya ya daina leƙowa gaba ɗaya. Mai makarantar kullum sai ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Na yi ta yi har ya ƙare.

Tafiyar ba ta dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tsaraba. Mahaifiyata ta gama cika wa dangi baki cewa ɗanta malami ne a ƙasar waje, yanzu kuma in shigar mata gida ko turmin atamfa babu? Na sayar da rediyo da katifa, abin da na samu bai wuce na jirgin ƙasa da mota ba. Akwatin ƙarfena rabinsa littattafai, rabinsa iska. Wallahi kunya nake ji tun ban tashi ba.

To, iskar nan mutane suka hango. A unguwarmu mai tafiya gida ba matafiyi ba ne, jakin kowa ne, kuma ba a cewa a'a. Wani tela ne ya fara zuwa da ƙullin goro, a kai wa ƙanwarsa a Sakkwato. Na ce, "Malam, Zariya fa za ni." Ya ce, "Ai duk can ne." Wani mahauci daga unguwar Etudi ya kawo ƙahonin bijimi guda biyu, wai amininsa wanzami ya daɗe yana nema. Mai gyaran babur ya kawo wani ƙarfe mai maiƙo wanda har yau ban san sunansa ba. Wata baiwar Allah ta turo nonon ayaba ɗanya shar, ta ce kafin in isa ta nuna. Ta nuna kam, tun kafin in bar ɗaki, ƙuda suka zo yi mini bankwana.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani dattijo ne haifaffen nan, wanda kakansa ne ya baro Kano, shi kuwa ko iyaka bai taɓa gani ba. Ya miƙo mini agogon bango, ya ce in kai gidansu. Na ce wane gida? Ya ce, "Kusa da masallaci, akwai bishiyar kuka a ƙofar. Kana tambaya za a nuna maka." Na sa hannu biyu na karɓa, har da cewa Allah ya sa in same su lafiya.

Kowane saƙo ya shiga, littafi ya fita. Har ƙamus ɗina na bar wa wanzamin nan, shi da ya jawo mini, ya ce zai yi daidai da ƙafar bencinsa da ke rawa.

Safiyar tafiya na hau kan akwatin na zauna don ya rufu, ina gumi, ina tsaki. Sai ga Hajiya mai gidan da nake haya, tsohuwa mai faɗan tsiya, wadda muka shekara muna rigima a kan famfo. Ta dire wani ƙunshi a gabana, ya fi kowanne girma.

Na ce, "Hajiya, ki dubi Allah. Ko allura ba ta da wurin shiga."

Ta ce, "Tashi."

Na tashi. Ta buɗe akwatin, ta zaro ƙahonin, ta rataya mini su a wuya da igiya. Ta ɗora mini ayabar a hannu. Ta tura ƙunshinta, ta danna da gwiwa, murfi ya rufu kamar dama ita yake jira. Ina tsaye da ƙaho a ƙirji, ni da ake miƙewa in na shiga aji.

Na ce, "To wannan kuma wane gari? Kada ki ce mini kusa da masallaci."

"Zariya."

"Alhamdu lillahi. Gidan wa?"

Ta harare ni. "Gidanku mana. Atamfa ce, da mayafi, da turare, da sabulu. Matan layin nan ne suka haɗa, waɗanda ka koya wa ƴaƴansu karatu ba su biya ba. Ka kai wa tsohuwarka. Kuma in na ji ka ce mata saƙo ne, ban yafe ba. Tsarabarka ce."

Na so in yi godiya irin ta malamai, mai tsawo. Sai hawaye suka zubo mini, ga hannuwana duka biyu riƙe da ayaba, babu na sharewa.

Hajiya ta kama bakin mayafinta ta goge mini fuska da ƙarfi, yadda ake yi wa yaro mai majina. Ta ce, "Wuce, kada jirgi ya bar ka. Kuma yau ma ka bar mini famfo a buɗe."